Daga lauyar fafutuka zuwa kujerar alƙalanci: rayuwar Constance Baker Motley

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai karatun lauya. A darasin tsarin mulkin ƙasashe malaminmu ya ambaci wata alƙaliyar kotun tarayya ta Amurka mai suna Constance Baker Motley, ya ce ta yi kusan shekara 20 tana lauyar masu neman 'yancin baƙar fata kafin a naɗa ta. Wace ce ita? Kuma anya wanda ya daɗe yana tsaya wa ɓangare guda zai iya komawa alƙali ya yi adalci?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Tambayarki ta biyu an taɓa yi wa ita Motley ɗin kanta, a rubuce, a cikin kotunta, kuma ta ba da amsa a rubuce. Za mu kai ga wannan. Ra'ayina tun daga farko shi ne zai iya, kuma rayuwar wannan baiwar Allah tana cikin hujjoji mafi ƙarfi da na sani. Amma sai kin fara gane abin da ake nufi da alƙalin tarayya a can, don ya bambanta da namu.

A Amurka kotuna gida biyu ne, na jihohi da na tarayya. Yawancin shari'o'in yau da kullum, irin su kisa da sata da saki da gado, a kotunan jihohi ake yin su, kuma a jihohi da yawa, har da Mississippi da Alabama, da ƙuri'a ake zaɓen alƙalan. Kotunan tarayya kuwa hawa uku ne: kotunan gunduma 94 inda ake fara sauraren ƙara, kotunan ɗaukaka ƙara 13, sai Kotun Ƙoli mai alƙalai 9. Shugaban ƙasa ne ke gabatar da sunan alƙalin tarayya, majalisar dattawa ta tabbatar. Sashe na 3 na kundin tsarin mulkinsu ya ce alƙalin zai ci gaba da riƙe muƙaminsa muddin halinsa na ƙwarai ne, kuma ba a rage masa albashi. Ba shi da shekarun ritaya na dole. Ba a cire shi sai ta hanyar tsigewa, majalisar wakilai ta tuhume shi, kashi biyu cikin uku na dattawa su same shi da laifi. A duk tarihin ƙasar alƙalan tarayya 15 aka tuhuma ta wannan hanya, 8 aka cire. A Najeriya kin san Majalisar Shari'a ta Ƙasa ce ke ba da shawarar wanda za a naɗa, kuma alƙalin babbar kotu yana sauka idan ya cika shekara 70. Ki riƙe wannan bambanci, domin duk aikin Motley na lauya a kansa ya ginu.

An haife ta ranar 14 ga Satumba 1921 a garin New Haven na jihar Connecticut. Ita ce ta tara cikin 'ya'ya 12. Iyayenta 'yan ci-rani ne daga tsibirin Nevis na yankin Karibiyan, mahaifinta kuku ne da ke dafa wa ƙungiyoyin ɗaliban jami'ar Yale abinci. Ta gama sakandare babu kuɗin wucewa gaba. Wani attajiri farar fata ɗan kwangilar gine-gine, Clarence Blakeslee, ya ji ta tana jawabi a wani taron unguwa, jawabin ya burge shi, ya ɗauki nauyin karatunta. Ta fara da jami'ar Fisk ta baƙar fata a Nashville. A kan hanyar zuwa can, da jirgin ƙasa ya isa Cincinnati, aka sa ta sauka ta koma taragon da aka ware wa baƙaƙe. Daga baya ta koma jami'ar New York ta yi digiri a fannin tattalin arziki a 1943, sannan ta gama karatun lauya a Columbia a 1946.

Tun tana ɗaliba, a 1945, Thurgood Marshall ya ɗauke ta aiki a reshen shari'a na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata a Amurka, reshen da shi ne babban lauyansa. Dabarar wannan ofis ita ce a rushe dokokin wariyar launin fata ta hanyar ƙara, ɗaya bayan ɗaya. Tun 1896 Kotun Ƙoli ta halatta raba farare da baƙaƙe a shari'ar Plessy, bisa sharaɗin wai a ba kowa abu daidai da na ɗan'uwansa. Motley ce ta tsara samfurin takardar ƙarar da aka yi amfani da ita a ƙararrakin makarantu da suka haɗu suka zama shari'ar Brown, wadda a ranar 17 ga Mayu 1954 Kotun Ƙoli ta ce raba yara a makarantun gwamnati ya saɓa wa tsarin mulki.

Ɗalibai da yawa a nan suke tsayawa, kamar an gama. Alhali hukunci a takarda daban, aiwatar da shi daban. Jihohin kudu sun ƙi bin hukuncin, kuma kowace makaranta, kowace jami'a, sai da aka sake kai ta kotu. Wannan wahalar ita ce rabon Motley. Ta riƙa zuwa kudu a lokacin da otal ba ya karɓarta, gidan abinci ba ya sayar mata, sai dai ta sauka a gidajen baƙaƙe, wani lokaci da maza riƙe da bindiga suna gadi har gari ya waye. Tana cikin lauyoyin da suka buɗe jami'ar Georgia ga Charlayne Hunter da Hamilton Holmes a 1961, da jami'ar Clemson ga Harvey Gantt, da jami'ar Alabama ga Vivian Malone da James Hood a 1963, ranar da gwamna George Wallace ya tsaya a bakin ƙofa don ya hana su shiga.

Wadda ta fi dacewa ki nazarta a tsanake ita ce shari'ar James Meredith. Tsohon sojan sama ne da ya nemi gurbi a jami'ar Mississippi a watan Janairun 1961, aka yi ta yi masa hanya-hanya. Motley ta shigar da ƙara a kotun tarayya a watan Mayu. Alƙali Sidney Mize ya yi ta ɗage zama, daga ƙarshe ya yanke cewa ba don launin fatarsa aka hana shi ba, a jami'ar da ba ta taɓa ɗaukar baƙar fata da saninta ba. Ta ɗaukaka ƙara. A watan Yunin 1962 kotun ɗaukaka ƙara ta biyar, a hukuncin da alƙali John Minor Wisdom ya rubuta, ta ba Meredith gaskiya. Sai wani alƙalin kotun ɗin dai, Ben Cameron, wanda ba ya ma cikin waɗanda suka saurari ƙarar, ya riƙa ba da umarnin dakatar da hukuncin har sau huɗu, sai da alƙalin Kotun Ƙoli Hugo Black ya soke umarnin nasa a watan Satumba. Gwamna Ross Barnett ya tare hanya da kansa. Daren 30 ga Satumba tarzoma ta ɓarke a harabar jami'ar, mutum biyu suka mutu, ɗaya ɗan jarida ne Bafaranshe, shugaba Kennedy ya tura sojoji. Washegari Meredith ya yi rajista. Medgar Evers, wakilin NAACP a jihar wanda ke tuƙa Motley zuwa kotu, an harbe shi har lahira a ƙofar gidansa a watan Yunin 1963.

Ki lura da abu guda a nan. Wisdom farar fata ne ɗan kudu, haifaffen New Orleans. Da a ce zaɓe yake jira, da wuya ya iya rubuta wannan hukunci ya kuma koma kujerarsa. Muƙamin rai-da-rai ne ya ba shi damar yin gaskiya. Amma Mize da Cameron su ma muƙamin rai-da-rai gare su, kuma shi ya ba su damar yin taurin kai ba tare da tsoron kowa ba. Kariyar tana ba alƙali 'yanci ne kawai, ba ta zuba masa adalci a zuciya. Motley ta ga fuskokin nan biyu da idonta tun kafin ta hau kujerar.

Ta sake ganin haka a Birmingham a watan Mayun 1963, lokacin da hukumar ilimi ta kori yara fiye da 1,000 daga makaranta saboda sun shiga zanga-zangar da Martin Luther King ke jagoranta. Alƙalin gunduma ya ƙi maido da su. Ta kama hanyar Atlanta a ranar, ta sami babban alƙalin kotun ɗaukaka ƙara Elbert Tuttle, ya ba da umarnin a mayar da yaran aji.

A Kotun Ƙoli ta tsaya da kanta a shari'o'i 10, ta ci 9. Ta farko ita ce ta Hamilton da jihar Alabama a 1961, inda kotun ta yarda cewa wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne yana da haƙƙin samun lauya tun ranar da aka fara karanta masa tuhuma. Wadda ta faɗi ita ce ta Swain a 1965, kan yadda masu gabatar da ƙara ke tsame baƙaƙe daga cikin mutanen gari da ake zaɓa su yanke ko mutum ya yi laifi. Kotun ta sauya matsayinta a 1986, a shari'ar Batson, ta koma kan abin da Motley ta nema.

A 1961 Kennedy ya naɗa Marshall alƙali, aka ba abokin aikinta Jack Greenberg shugabancin ofishin, ba ita ba. Ta ɗan shiga siyasa: majalisar dattawan jihar New York a 1964, shugabar gundumar Manhattan a 1965. A watan Janairun 1966 shugaba Lyndon Johnson ya gabatar da sunanta don kotun gundumar kudancin New York. Shugaban kwamitin shari'a na majalisar dattawa a lokacin shi ne James Eastland, ɗan Mississippi, jihar da Motley ta kayar a kotu. Ya riƙe sunanta har wata bakwai, yana zarginta da alaƙa da 'yan gurguzu. An tabbatar da ita ranar 30 ga Agusta 1966. Ita ce baƙar mace ta farko da ta zama alƙaliyar tarayya, kuma mace ta farko a wannan kotu, wadda ke cikin mafi nauyi a ƙasar saboda shari'o'in bankuna da kasuwar hannun jari da manyan laifuka.

Yanzu ga tambayarki. A 1975 wata matashiyar lauya, Diane Blank, ta kai ƙarar kamfanin lauyoyi na Sullivan & Cromwell, tana cewa suna nuna wa mata wariya wajen ɗaukar aiki, abin da dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta. A wannan kotu ba alƙali ke zaɓar shari'a ba, ƙuri'a ake jefawa, sai ta faɗo kan Motley. Kamfanin ya nemi ta tsame hannunta, bisa hujjar cewa ita mace ce, baƙar fata, wadda ta yi aikin yaƙi da wariya, don haka zuciyarta za ta karkata ga mai ƙara.

Ta ƙi, kuma dalilinta gajere ne. Ta ce idan jinsi ko launi ko irin aikin da mutum ya yi a baya sun isa a cire alƙali, to babu wani alƙali a kotun da zai iya sauraren wannan ƙara, domin kowannensu lauya ne, kowannensu namiji ne ko mace, kuma da yawansu daga manyan kamfanonin lauyoyi ko aikin gwamnati suka fito. Shekara guda kafin nan alƙali Leon Higginbotham na Philadelphia, shi ma baƙar fata, ya ƙi irin wannan buƙata a wata ƙarar wariya da aka kai wata ƙungiyar ƙwadago. Har yau hukunce-hukuncen nan biyu ake jawowa idan aka nemi cire alƙali don addininsa ko asalinsa. Ita shari'ar Blank an sasanta ta a 1977, kamfanin ya amince da sauye-sauye a yadda yake ɗaukar ma'aikata.

Ni na yarda da ita ɗari bisa ɗari, kuma ga dalilina. Buƙatar kamfanin ta ginu ne a kan zaton cewa akwai wani alƙali da ya zo kotu ba shi da tarihi, kuma wannan alƙalin namiji ne farar fata da ya yi rayuwarsa yana kare kamfanoni. Ba kasafai ake neman irin wannan alƙali ya janye don ana ƙarar kamfani ba. Lauyan da ya yi shekara 20 yana gabatar da ƙara a madadin gwamnati, ranar da ya zama alƙali shari'ar laifuka ake ba shi, ba mai cewa uffan. Kowane alƙali daga wani wuri ya fito. Abin da doka ke tambaya takamaimai ne: yana da dangantaka da ɗaya daga cikin masu shari'ar? Yana da hannun jari ko wata riba a sakamakon? Ya taɓa zama lauya a wannan rikicin? Ya furta wata magana da ke nuna ya riga ya yanke hukunci? Idan akwai ɗaya daga ciki, ya sauka ba gardama. Idan babu, kasancewarsa mace ko baƙi ko Musulmi ko Kirista ba hujja ba ce. Da an bi ra'ayin kamfanin, da an mayar da kowace alƙaliya rabin alƙali, wadda ba a amince mata ta taɓa shari'ar da ta shafi mata ba.

Wannan ba ya nufin tarihin mutum ba ya tasiri a kansa. Yana yi, kuma a aikin Motley ana ganinsa. A 1970 ta saurari ƙarar wani fursuna, Martin Sostre, da aka kulle shi kaɗai a ɗaki kwana 372 a gidan yarin Green Haven. Ta yanke cewa wannan azaba ce da tsarin mulki ya hana, ta ce kada irin wannan kullewa ta wuce kwana 15, ta shimfiɗa ƙa'idojin sauraren fursuna kafin a hukunta shi, ta kuma ba shi diyyar dala 13,020. A 1971 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe mafi yawan hukuncin, har da iyakar kwana 15 ɗin, tana ganin alƙaliyar ta shiga hurumin masu gudanar da gidan yari. Masu sukarta nan suke nunawa su ce lauyar fafutuka ce ta yi magana da bakin alƙali. Sukar tana da ƙamshin gaskiya ta fuskar fasahar shari'a, don a lokacin babu wani hukunci na sama da ya kafa wannan adadi. Amma alƙalin da ya taɓa shiga kurkukun kudu ya ga waɗanda yake karewa ya san abin da kwana 372 ke yi wa hankalin ɗan Adam, kuma wannan sani ne, ba son zuciya ba. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kula da fursunoni da aka sa wa sunan Mandela, waɗanda suka haramta kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere. Jihar New York ta sa wannan adadi a dokarta a 2021. Abin da ya fi muhimmanci ga tambayarki shi ne, da aka rushe hukuncinta, ta bi na sama. Ba ta yi abin da Cameron ya yi ba.

Shari'arta da ta fi yin suna a wajen jama'a ita ce ta Melissa Ludtke a 1978, 'yar jaridar mujallar Sports Illustrated da aka hana shiga ɗakin da 'yan wasa ke sauya kaya don yin hira a gasar ƙarshe ta wasan besbol ta 1977, alhali an bar 'yan jarida maza. A ido abin kamar ƙarami ne, amma ɗalibar lauya za ta sami darasi a ciki. Gyara na 14 na tsarin mulkin Amurka, wanda ya tanadi daidaito a gaban doka, gwamnati yake ɗaurewa, ba kamfani mai zaman kansa ba, kuma ƙungiyar besbol ta Yankees, wadda kan filin wasanta ake ƙarar, ta 'yan kasuwa ce. Motley ta duba ta ga filin wasan mallakar birnin New York ne, da kuɗin jama'a aka gyara shi, ƙungiyar haya take yi. Da wannan ta kafa cewa hannun gwamnati yana cikin lamarin, sannan ta ce akwai hanyoyin kare sirrin 'yan wasa ba tare da an hana mace neman abincinta ba. Ba ta fara da abin da take so ya faru ba, ta fara da tambayar ko tsarin mulki ya shafi wurin ma tukuna. Wannan shi ne bambancin lauya da alƙali a aikace. Lauya yana da amsa a hannu yana neman hanyar da za ta kai shi. Alƙali dole ya bi matakan ko da za su kai shi inda ba ya so, kuma ya rubuta dalilinsa yadda wanda ya faɗi zai iya ɗauka ya kai gaba.

Kada kuma ki ɗauka duk aikinta irin waɗannan ne. Mafi yawan kwanakin alƙalin gunduma a Manhattan suna tafiya ne a kan rikicin kwangila, zambar hannun jari, haƙƙin mallakar fasaha da fataucin miyagun ƙwayoyi. Ƙararrakin wariya da dama sun faɗi a gabanta saboda masu su ba su kawo hujja ba, kuma lauyoyin da suka tsaya a kotunta sun san ta da tsanani ga wanda ya zo bai shirya ba, ko daga wane ɓangare yake.

Ta zama babbar alƙaliyar kotun daga 1982 zuwa 1986. Wannan muƙami a can bisa daɗewa ake samunsa kamar yadda doka ta tsara, ba naɗin shugaban ƙasa ba ne. A 1986, tana da shekara 65, ta karɓi matsayin da doka ta tanada wa dattawan alƙalai: mutum ya saki kujerarsa a naɗa wani, shi kuma ya ci gaba da sauraren shari'a gwargwadon ƙarfinsa. A haka ta ci gaba da aiki har ta rasu ranar 28 ga Satumba 2005 tana da shekara 84.

Abin da ke damuna a tarihinta shi ne ba a taɓa ɗaga ta daga kotun farko ba. Tun farko Johnson kotun ɗaukaka ƙara ta biyu ya so kai ta, kujerar da Marshall ya bari, amma adawar da ta taso daga cikin alƙalai da manyan lauyoyi ta sa ya janye. Matar da ta ci shari'a 9 cikin 10 a Kotun Ƙoli ta yi shekara 39 a hawa na farko, inda hukuncin alƙali bai zama dole a kan sauran alƙalai ba. A ganina ƙorafin da Sullivan & Cromwell suka rubuta a fili a 1975 shi ne wasu suka riƙe a zuciya duk lokacin da sunanta ya taso a maganar ƙarin girma, kuma a irin wannan zaman ba a ba ta damar rubuta amsa ba.